Kafintan da Ake Kira Tashi-mu-gani

Kullum da safe, kafin ya taɓa zarto, sai ya bi kujerun da aka gama jiya, ya zauna, ya tashi. Wadda ta sa shi nishi ya mayar da ita baya. Masu saye ma bai ƙyale su ba. In sun nutse a kushin suna yabon laushi, sai ya ce, "To, tashi mu gani." Har sunan ya bi shi a shagon kayan ɗakin da ya tsufa a ciki.

Mai shagon bai taɓa son wannan hali ba. "Tsoho ba ya sayen kujera," in ji shi. "Ɗansa ke saye, shi kuwa da ido yake saye."

Wani ya saya wa mahaifiyarsa irin kujerun nan masu haɗiye mutum. Tun daga ranar ta daina zama a falo. In baƙi sun zo, ta gaishe su daga bakin ƙofa ta koma ɗaki, don kada a ga jikoki na jan ta kamar buhu. Ƙawayenta suka ɗauka wulaƙanci ne, suka fara ɗauke ƙafa. Ɗan ya dawo shago neman wadda ta fi laushi.

"Kawo min Mama tukuna," in ji kafintan.

Da aka kawo ta, ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ne mai haƙa rijiyoyin nan?"

"Ni ne, Mama. Yau guga zan yi."

Ya auna daga diddigenta zuwa gwiwa, ya yi mata kujera mai tsayi, mai ɗan tauri, hannuwanta har gaba inda za a dafa. Mai shago ya ce ai wannan ta asibiti ce, ba za a jera irinta a gaban gilashi ba. Har yau a lungu ake ajiye su.

Baba kafinta, kai ne ka tuna cewa duk wanda ya zauna sai ya tashi. Ƙarshen watan nan za ka ajiye zarto. Mu abokan aikinka mun gode, Baba. Allah ya huta gajiya.

Masu ƙera kaya da masu sayarwa, ku ari gwajinsa na tashi-mu-gani, gwiwa ba ta yin gaba da kowa sai ta jira shi ya tsufa.

Ƙawayen tsohuwar nan kuwa sun dawo zumunci. Rannan da za su tafi, tsohuwar ta dafa, ta miƙe, ta raka su ƙofa. Ba wanda ya miƙa mata hannu.