Guɗar Mahaifiyar Sausan

Shekara shida ina ɗinka wa Sausan kayan hawa dandamali a Alƙahira. 'Yar Damanhur ce, tana rera waƙoƙin wasan kwaikwayon Turawa, wato opera, da Italiyanci, yaren da ba mai ji a gidansu.

Ranar da aka fara ba ta babbar waƙa, mahaifiyarta ta zo, ta zauna can baya. Da muryar Sausan ta kai ƙololuwa, tsohuwa ta miƙe ta rangaɗa guɗa. 'Yan gayu suka waiwaya, wasu har da tsaki.

A ɗakin canza kaya Sausan ta ce, "Umma, kin kunyata ni. Nan ba gidan biki ba ne."

"To me ake yi, 'yar nan?"

"Ana jira a gama, sai a tafa."

Tsohuwa ta ajiye mata tantabarun da ta dafo, ta koma. Ba ta sake zuwa ba har ta rasu.

Yanzu Sausan ta shahara. Amma ina ganinta daga bayan labule: duk lokacin da ta kai wurin nan a waƙar, sai ta ja muryar fiye da ƙa'ida, idonta na kan kujerun baya. Masu kallon kuwa ladabi gare su, ba mai cewa uffan.