Jar Wuta a Bayan Takarda

Shekarun baya masu nisa, lokacin da arzikin man fetur ya fara shigowa ƙasar nan aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, ni ma na shiga sahun waɗanda suka jingine keke suka sayi mota. A lokacin ina koyar da Larabci da addini a wata firamare a nan Keffi. Ban yi boko mai zurfi ba, a zaure na yi karatuna. Abin da aka san ni da shi a unguwa shi ne kyan hannu. In na zauna da alƙalami da tawada na rubuta ajami, har daga Nasarawa akan aiko mini da aiki. Ba yabon kai ya sa na faɗi haka ba, sai don ku gane abin da zai biyo baya.

Motar ƙarama ce mai doro, ƙofa biyu, irin wadda mutane ke kira kunkuru. Injinta a baya yake, wurin zuba kaya kuma a gaba. Wanda ya raka ni Jos muka ɗauko ta abokina ne, bakanike, Kirista, mutumin kudu. Tun kafin yaƙin basasa yake da gareji kusa da tasha. Da rikici ya tashi ya gudu da matarsa da 'ya'ya huɗu, bayan yaƙi ya dawo da ɗiya ɗaya. Bai taɓa gaya mini inda sauran suke ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Tun dawowarsa ya zama mutum mai auna magana, ba ya musu da kowa ko da shi ke da gaskiya.

A hanyar dawowa ya ba ni tarihin motar, don yana son ta ƙwarai. Ya ce a Turai aka ƙirƙiro ta domin talaka ya samu abin hawa, sai babban yaƙin duniya ya zo ya ragargaza masana'antar. Bayan yaƙin aka share kangon aka ci gaba da ƙera ta, har ta bazu duniya, ga shi yanzu a Ikko ma ana haɗa ta. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ni da ita jirgi ɗaya ya ɗauko mu, Malam. An rushe mu, mun tashi."

Da muka iso ƙofar gida ya buɗe bayanta ya nuna mini. Ya ce motar nan ba ta shan ruwa, ba ta da lagireto. Iska ce ke sanyaya injin, fanka ce ke hura iskar, fankar kuma wani siririn bel na roba ke juya ta, wanda suke kira fambel. In ya tsinke, wata jar wuta za ta kama a ƙasan agogon gudu, a gaban direba. Ya ce in na gan ta in tsaya nan take, ko a tsakiyar kasuwa nake. Ya ba ni sabon fambel da sifana na ajiye a gaba, ya sa na kwance na ɗaura har sau uku a gabansa. Hannuna ya koya sarai. Kunnena ne bai koya ba, domin duk lokacin da yake maganar wutar, idona yana kan maƙwabtan da suka taru suna kallo, ina gyara zaman hula.

Mahaifiyata ta ce ba za ta shiga akwatin ƙarfen da ba a yi masa addu'a ba. Haka al'adar take a lokacin, duk wanda ya yi sabuwar mota sai ya nemi rubutu ya rataya ko ya manna a ciki. Ni da nake rubuta wa wasu, yaya zan bar tawa? Na samu takarda mai kauri na rubuta addu'ar hawa abin hawa, na ƙara baiti biyu na neman tsari da ajami, na kewaye su da zayyana ja da kore. Ban taɓa yin rubutun da ya fi shi kyau ba. Sai wurin mannawa ya zama aiki. Gaban motar ƙarfe ne mai santsi, duk inda na sa ta sai rana ta ɓamɓare ta. Can na lura da gilashin agogon gudu, zagayayye, daidai saitin idona. Na yanke takardar rabin da'ira, na shafa mata ƙaro, na manna ta a rabin ƙasa, na bar saman don in riƙa ganin allura. Na ja da baya na duba, na ji daɗi. A raina na ce duk sanda na kalli gudu, zan kalli sunan Allah.

Bayan 'yan makonni na kai ta gareji a canza baƙin mai. Abokina ya shiga ya murɗa makulli, sai na ga ya tsaya yana kallon agogon. Ya kai ɗan yatsa kusa da takardar ya ce, "Malam, wannan takarda..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, "Ayar Allah ce a ciki, Oga. Kada hannun mai ya taɓa ta."

Da murmushi na faɗa, amma na san irin muryar da na yi amfani da ita. Ya janye hannunsa kamar ya taɓa garwashi, ya ce to, Malam. Ya gama aikinsa, na biya, na tafi.

Yayana manomi ne a Agwada. Da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe gona, ya ce ni in tafi karatu. Duk littafin da na mallaka a ƙuruciya doyarsa ce ta saya. Ko bayan mutane sun fara ce mini Malam, shi Auta yake kirana. Wata Asabar da kaka na tafi in nuna masa motar, in kuma kwaso wa mahaifiyarmu sabuwar doya. Na isa da hantsi na same shi a gona. Ya zagaya motar sau biyu yana riƙe baki, ya buɗe gaba bai ga inji ba, ya tambaye ni ko an cuce ni ne an sayar mini da kwanso. Da na nuna masa bayan, ya yi dariya har da hawaye, ya ce kunkurun Auta zai iya ɗaukar doya goma kuwa, ko sai mun goya shi?

Ya nufi tulin doyar da aka rufe da ciyawa don ya zaɓo manya. Ya zura hannu, sai na ji ya yi salati ya fizge. Gamsheƙa ce ta kwanta a ciki. Ta sare shi a bayan hannu. Masu taya shi aiki suka kashe ta, aka ɗaure masa dantse da tsumma. Wani dattijo ya ce a kai shi gida a kira mai maganin maciji, yana nan ƙauyen gaba. Na ce a'a. Na ce kafin mai magani ya gama daka saiwa na kai shi asibitin Keffi, ai ina da mota. Yayana ya dube ni ya ce a bi maganar Auta.

Aka kwantar da shi a kujerar baya, matarsa ta tallafe kansa a cinya. Hanyar jar ƙasa ce mai gargada, ni kuma na taka motar yadda ban taɓa taka ta ba. Mun yi tafiya mai ɗan nisa sai na ji wani abu ya yi fat a baya. Na ɗauka dutse ne taya ta harba. Na duba agogo, allura na nan inda take, takardata na nan fes. Na ci gaba.

Jim kaɗan matar yayana ta ce, "Malam, wurin nan ya yi zafi, kuma ina jin ƙauri."

Na ce mata zazzaɓin dafi ne ke tashi a jikinsa, ta yi ta addu'a. Injin yana bayanta ne, ita ta fara jin abin da ke faruwa. Hayaƙin da injin ke fitarwa kuma baya yake tafiya cikin jar ƙasar da muke tayarwa, ni da ke gaba ban ga komai ba. Sai motar ta fara sanyi. Ina taka totur tana ja da ƙyar. Daga nan inji ya yi wata ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano, ya yi shiru. Muka gangara muka tsaya kusa da wata ɗorawa. Babu gida, babu mutum, rana tsaka.

Na buɗe baya, zafi ya dake ni a fuska. Ga fambel nan ya tsinke yana reto. Wallahi har na ji sanyi a raina, don na san wannan aikin. Na ɗauko sabon da sifana, ƙarfe yana ƙona mini yatsu, na ɗaura shi daidai yadda aka koya mini. Ban fi minti goma ba. Na shiga na murɗa makulli. Ya yi ƙas, bai juya ba. Na sake, na sake. Inji ya riga ya buga.

Na kifa goshina a kan sitiyari, makulli yana a kunne. Inuwar kaina ta rufe agogon. A nan na ga wani ja-ja yana ɓullowa ta cikin takardar, daidai tsakiyar rubutuna. Na sa farce na ɓamɓare ta. Ga jar wuta nan tana ci. Tun daga wancan fat ɗin take kirana.

Muka fito da yayana muka kwantar a inuwar ɗorawar. Fatar idonsa ta yi nauyi, yana ɗaga ta da ƙyar, harshensa ya fara karyewa. Ni kuwa sai komawa nake wurin motar ina murɗa makulli kamar wanda ya zautu. Matarsa ta kira ni ta ce yana magana. Na durƙusa na kai kunne.

Ya ce, "Auta, bar ƙarfen nan. Zo ka karanta mini."

Na zauna na riƙe hannun da ba a sara ba, na fara Yasin. Na gama na sake. Numfashinsa yana gajarta, ina ji. Sai bayan la'asar wata babbar mota mai ɗaukar doya ta ɓullo. Direban ya tsaya, suka taya mu ɗora shi a kan kaya. Kafin mu hau kwalta ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gawa muka shiga Keffi da ita.

Ranar uku abokina ya zo ta'aziyya. Ya riga ya je ya jawo motar. Ya zauna can gefen tabarma har mutane suka ragu, sannan ya matso ya miƙo mini takardar, ya naɗe ta a cikin farin hankici don kada hannunsa ya taɓa. A ƙasan kujera ya tsince ta. Ya ce tun ranar canjin mai ya ga abin da ta rufe. Ya kwana biyu yana shirin zuwa gidana ya faɗa mini, sai ya fasa.

"Na ji tsoro, Malam. Na ce kada a ce arne ya ce a cire ayar Allah. Na taɓa ganin abin da ƙaramar magana ke jawowa."

Ya fashe da kuka, babban mutum. Na ce masa ba laifinsa ba ne, ni na rufe masa baki. Ban sani ba ko ya yarda. Har ya bar duniya, in muka haɗu mukan gaisa da kyau, amma ba mu sake zancen mota ba.

Wani ma'aikacin asibiti ya gaya mini cewa saran gamsheƙa ko an iso da wuri ba kullum ake tsira ba. Na kuma san ajali ba ya jira, ba ya gaggawa, na koyar da wannan shekara da shekaru. Na yi imani da shi a ranar, ina kan imani da shi yau. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa goge mini abin da hannuna ya yi ba. Mahaifiyata ta rasu ba ta san labarin takardar ba. Abin da ta sani shi ne mota ta lalace a hanya, kuma takan ce Allah ya isa tsakaninta da wanda ya ƙera ta. Ni kuma in sunkuyar da kai. Motar ba ta yi laifi ba. Abokina ya gyara injin na sayar da ita, na ga wanda ya saya yana yawo da ita shekaru masu yawa, lafiya lau. Ta yi mini gargaɗi yadda aka ƙera ta ta yi. Bakanike ya yi nasa, matar yayana ta yi nata. Uku suka yi magana, na toshe ukun, kuma kowanne da sunan na fi su sani.

Addu'ar da na rubuta gaskiya ce, babu harafi ɗaya na kuskure a cikinta. Wurin da na ajiye ta ne kuskure. Allah ya ba ni ido, na ɗauki sunansa na rufe idon, na kira abin tawakkali.

Takardar tana nan cikin gafakata, a cikin hankicin nan, da shatin farcena a tsakiya. Har yanzu mutane kan kawo sabuwar mota ƙofar gidana su ce Malam a rubuta mana. Ina rubutawa, ko da hannun ya fara rawa. Amma ba na miƙa takardar a zaure. Nakan dogara sanda in fita, in ce mai motar ya shiga ya murɗa makulli, ya nuna mini kowace wuta ya faɗi abin da take nufi. In bai sani ba, in ce ya je ya tambayi bakanikensa, ya saurare shi har ya kai aya, sannan ya dawo. Wasu kan ga tsohon ya cika fitina. In ya dawo ya faɗa daidai, sai in manna masa da hannuna, can sama, inda ba ta tare komai.

Wanda ya karanta har nan, ya sa yayana a addu'a. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini.