Gurbi Ɗaya a Kulob ɗin Jidda

Mu biyu kocin ya zo kallo a Nakkasa, unguwarmu a Makka: ni da ɗan gwaggona, wanda nake kira Yaya don ya girme ni da shekara guda. Filinmu na ƙwallon kwando ɗan sumunti ne a gefen dutse, da zobe da wani mai walda ya liƙa mana a jikin turke. Kocin daga wani kulob na Jidda yake, kuma mutum ɗaya yake nema.

Kowa a unguwar ya san Yaya ya fi ni. Ranar ma sau huɗu ya ƙwace ƙwallo a hannuna. Da aka tashi, shi kocin ya fara kira ya tambayi takardunsa. Mahaifina ɗan ƙasa ne. Mahaifin Yaya kuwa iƙama gare shi, wato takardar zaman baƙo, ita ma ta daɗe da mutuwa. Kocin ya juyo ya tambayi sunana.

Shekara uku na yi a kulob ɗin, yawanci a benci. A ta ukun gwiwata ta lalace, kulob ɗin kuma ya faɗo rukuni na ƙasa. Na dawo Makka na kama tuƙin tasi. Da aka rushe ɓangarenmu na Nakkasa aka kama Yaya, aka mayar da shi Maraɗi, asalin mahaifinsa, garin da shi bai taɓa gani ba. Gwaggona ta bi shi can.

Yanzu duk Juma'a bayan la'asar muna haɗuwa a gidan babban wana a unguwar Shisha, kuma da wuya a tashi ba a tayar da maganar ba. Wana yakan ce, "Wallahi da shi aka ɗauka, da kulob ɗin nan bai faɗi ba. Ba su da mai tsaron baya, shi kuwa aikinsa ke nan."

Maƙwabcinsa, wanda muka yi wasa tare a da, ba ya yarda. "Da zafin zuciyar tasa? Wata biyu zai yi su kore shi."

Su yi ta yi, Hausa da Larabci a cakuɗe, suna jera wasannin da za a ce an ci. Ba da mugunta suke yi ba, mantawa suke ina zaune. Ni dai in zuba musu shayi.

Bara na kira Yaya a waya na tambaye shi kai tsaye, ko yana ganin da shi aka ɗauka da abin ya bambanta.

Ya ce, "Da na ci musu wasanni, wannan ba shakka. Amma ƙanena, ni ba kulob ɗin nake tunawa ba. Gwaggonka ta rasu a nan tana tambaya yaushe za mu koma gida Nakkasa."

Ya ce yana da mai saye a rumfa, zai neme ni daga baya. Da Juma'a ta zo aka sake tayar da gardamar, ban gaya musu mun yi magana ba.