Motar da Otis Absher Ya Bari

A dangin Absher babu wanda ya kai Kawu Vernell zargi. Idan ka gaishe shi da fara'a sai ya tsaya nazarin abin da kake nema a wurinsa. Ya yi shekarunsa yana aiki a kamfanin yanka kaji na garinmu, a gindin duwatsun Carolina ta Arewa, kuma har ya bar aikin bai taɓa ajiye kwanon abincinsa a firjin ma'aikata ba. Matarsa Arlene takan ce ko ranar aurensu sai da ya jujjuya zoben da ta sa masa, yana duba ko jabu ne.

Mutum ɗaya ne bai taɓa zarga ba, mahaifinsa Otis. Otis dattijon coci ne, manomin taba, mai magana ɗaya. Barasa ba ta taɓa tsallake ƙofar gidansa ba. Lokacin da Vernell yake saurayi, uban ya taɓa jin warinta a bakinsa, ya fitar masa da kayansa baranda, sai da ya yi rani guda yana kwana gidan gwaggonsa. Vernell bai riƙe abin a zuci ba, alfahari ma yake yi da shi. Yakan ce duniya cike take da maƙaryata, amma shi ya ga mai gaskiya guda da idonsa.

Da Otis ya rasu, gona ta tafi ga 'ya'ya mata, Vernell ya gaji motar: baƙar Dodge ƙirar 1968, mai ƙofa biyu da dogon hanci, da injin da idan ya tashi sai karnukan maƙwabta sun amsa. Tun Vernell yana yaro aka kulle ta a rumfar shanya taba, uban bai yarda kowa ya taɓa ta ba. Bayanta a ɗage yake kamar jelar kunama, amma wannan bai dami kowa ba, don samarin wancan zamani duk haka suke ɗaga bayan motocinsu.

Vernell ya ɓata lokacin sanyi kaf a kan injin. Ranar da ya fara fita da ita, ya ɗauki Arlene, suna cin ramin farko motar ta yi sama da su ta dire.

"Ka tsaya in tsince haƙorana," in ji Arlene. "Wannan mota ce ko amalanke?"

Sai ya tsara gyaran bayan motar a ransa. Shokozoba tukuna, tunda tsofaffin sun mutu murus. Daga nan bushin, robobin da suka rududduge. Sannan tayoyi masu faɗi. Sifirin kuwa, ƙarafan da ke ɗauke da nauyin motar, a ƙarshe, ko ma a ƙyale su, tunda ba su lotsa ba.

Yana cikin wannan Buford Call ya iso. Buford tsohon bakanike ne, abokin Otis tun suna yara, ya haura tamanin, kullum da taba a kunci. Duk garin an san tuƙinsa. Idan ka ga motoci sun yi jerin gwano a hanyar coci, ba gawa aka ɗauko ba, Buford ne a gaba.

Ya saurari tsarin, ya tofar da miyau gefe.

"Ka juya abin, ɗan nan. Sifirin ne farko, shi ke yanke tsayin mota. Ka ɗaura shokozoba yau, gobe ka sauya sifirin mota ta sauko, ka ga abin da ka ɗaura bai yi mata daidai ba. Sifirin da bushin ɗinsa tare. Ka sauke ta ƙasa ta zauna da nauyinta, ka auna, sannan shokozoba. Taya ce ƙarshe."

Gaskiya ya faɗa, Vernell ma ya san haka. Da a nan tsohon ya tsaya da shike nan. Sai ya ƙara:

"Ka kawo ta garejina kawai. Ba sai ka tsaya ba, ni zan cire su. Tsofaffin kuma in zubar maka. Kada ka wahalar da bayanka kana shiga ƙarƙashinta."

"Yaushe ka fara tausayin bayana, Baba Buford?"

"Tun ranar da na ga ka fara tafiya kamar agwagwa."

Vernell ya yi dariya iyakar leɓe. Tsohon da ya rufe gareji tun tuni, wanda ko sifana ba ya ara wa mutum, shi ne yau zai kwanta ƙarƙashin mota kyauta? Washegari Buford ya kira a waya. Ranar Lahadi ya tare shi a bakin coci. Kullum maganar ɗaya ce: sifirin tukuna, kuma a garejinsa.

"Na gano shi," Vernell ya ce wa Arlene suna cin burodin masara da wake. "Kayan asali na irin motar nan masu tara tsofaffin motoci rububinsu suke yi. So yake ya kwashe na babana ya liƙa mini na bola."

"Tsohon da ya ɗauki akwatin gawar ubanka? Kai dai ka ji kunya, Vernell. Wata rana inuwarka ma sai ka ce bin ka take yi da wata manufa."

"To ba bi na take yi ba?"

Ranar Asabar da safe ya ɗaga motar da jak, ya tokare ta, ya ɗauki tocila ya zura kansa ciki. Niyyarsa ya shafa wa kowane ƙarfe ɗigon jan fenti, yadda ko an musanya zai gane.

Sifirin irin motar nan fallayen ƙarfe ne dogaye, a jere wani kan wani. Ya kankare tsatsa da laka, sai ya ga ba duka ne na kamfani ba. An cusa wasu masu kauri a tsakani, irin na motar ɗaukar kaya, an yanke bakinsu da wutar walda. Inda sifirin ya kama jikin mota an ƙara faranti an liƙe. Ƙasan but, wurin zuba kaya, shi ma an ninka shi da ƙarfe.

Nan take ya gane abin da yake gani. A wannan yanki ko ƙaramin yaro ya san mai yi wa mota haka. Masu safarar barasar masara ne, wadda ake dafawa a ɓoye cikin daji. Sukan ƙarfafa bayan mota don idan an danƙare ta da kwalabe ta zauna daidai, ɗan sanda ya gan ta kamar ba komai a ciki. Idan ba kaya kuma, sai ta ɗaga jela.

Bai wanke hannu ba ya nufi gidan Buford. Ya same shi a baranda da kofin shayi mai ƙanƙara.

"Na shiga ƙarƙashinta."

Buford ya ajiye kofin a hankali. "Ai na ce maka bayanka zai yi ciwo."

"Waldar nan taka ce."

"Tawa ce. Buhunan taki ubanka ke ɗauka."

"A Dodge mai ƙofa biyu? Alhali yana da akori-kura a tsakar gida?"

Tsohon ya kalli titi. Can ya ce, "To, ni ne. Ni nake aron ta ranar Laraba idan ya tafi addu'a. Bai san komai ba."

"Kai? Baba Buford, tarakta fa tana wuce ka a hanya. Kai ne za ka tsere wa 'yan sanda?"

 Idon Buford ya kawo ruwa, amma murmushi ya ƙwace masa.

"Babu wanda ya taɓa ganin fitilar bayan ubanka sau biyu," ya ce. "Shekarar da ƙanƙara ta kashe taba ya fara, kuna ƙanana, tukunya ba komai. Da gona ta farfaɗo ya kulle motar. Shi kansa bai taɓa kurɓa ba, wannan kam gaskiya ne. Yana kwance a asibiti ya riƙe hannuna ya ce in cire ƙarafan nan kafin ka gani."

"Ya kore ni daga gida saboda gwangwanin giya ɗaya."

"Ya ga gidajen da yake kai wa kayan, ɗan nan. Ya ga 'ya'yansu."

Vernell ya juya ya tafi ba sallama. Ya yi makonni bai leƙa rumfar ba, bai kuma je share kabarin uban ba kamar yadda ya saba. Arlene ba ta tsokane shi ba ko sau ɗaya.

Da ya koma kan aikin, tsarin Buford ya bi, sai dai bai zubar da komai ba. Ya sauke sifirin, ya wanke kowane falle, na kamfani da na ƙari, ya sa sabbin bushin ya mayar da su yadda suke. Ya sauke motar ta zauna, ya auna, ya nemo dogayen shokozoba daidai tsayinta. Har yau idan ta ci rami sai ka ji a ƙugunka.

Ranar taron shekara na coci ya shigo da ita, ya faka a gaban jama'a. Fasto ya zagaya ta yana yabawa, ya tambayi dalilin da bayanta ya ɗaga haka. Buford yana gefe da farantin soyayyar kaza, ya daina tauna.

"Babana ne ya sa aka ƙarfafa ta," in ji Vernell, da muryar da 'yan'uwansa mata za su ji. "Barasa yake ɗauka a ciki. Da ita ya ciyar da mu."