Bindigar da ta ƙi ɓuya a ƙugun Yaya Madimetja

Yayana Madimetja mahauci ne a Seshego, yana da shagon nama da wurin gashi a bakin titi. Mutum ne mai sakin hannu, ba wanda zai zo masa da yunwa ya koma da ita. Ciwonsa ɗaya ne: Ngoako, mijin ƙanwar matarsa, mai sayar da kayan gyaran mota a tsallaken titin. Tun ranar da surukarsu ta yaba natsuwar Ngoako a gaban jama'a, Yaya bai sake ganin wani abu a hannunsa ba tare da ransa ya sosu ba. Ngoako ya yi katanga, Yaya ya ɗaga tasa ta fi ta tsawo.

Da 'yan fashi suka addabi layinmu, Ngoako ya nemi lasisi ya sayi ƙaramar bindiga. Ba wanda ya sani, sai wata Lahadi muna cin tuwon masara da gasasshen nama matar Ngoako ta yi suɓul da baka. Yaya ya ƙare masa kallo daga wuya har takalmi.

"Yanzu haka tana jikinka?"

"Tun safe," in ji Ngoako, yana suɗe yatsa.

"Ƙarya kake! A ina?"

"In ka gan ta ai ba ta ɓuya ba ke nan, Yaya."

Aka kwashe da dariya. Surukar ta ce, "Kai, Ngoako akwai zurfin ciki!" Yaya ya ture farantinsa.

Nan da nan ya shiga koyon harbi, yana gamawa ya ja ni shagon bindigogi a Polokwane. Mai shagon, wata dattijuwar Baturiya, ta jera masa ƙanana masu siririn jiki, ta ce ya riƙe kowacce ya ji wadda ta zauna masa a tafi.

"Wace iri Ngoako mai kayan mota ya ɗauka?"

"Ba na faɗin cinikin wani," ta ce.

Sai ya nuna wata ƙatuwa a jikin bango. Ta dubi teɓarsa, ta dubi bindigar.

"Wannan ba za ta ɓuya a jikinka ba, ɗana."

"Mama, naɗe mini kawai."

Watanni ya yi yana jiran lasisi, yana hura hanci. Ranar da ta shigo hannunsa wahala ta fara. Kuben bindiga na gaba ya soke shi a mara, ya kasa zama a mota. Na gefe ya turo riga kamar ya ɓoye ƙafar saniya. Ya koma na hammata, wanda sai da kwat a kai, ga shi wuni yake a gaban garwashi. Gumi ya riƙa tsiyaya har cikin takalminsa.

"Baban Phuti," in ji matarsa Raesetja, "ka tambayi Ngoako mana inda ya samu nasa."

"In tambayi wa? Gara ta huda mini ciki!"

Abin da ya fi cinsa shi ne tasa ta fi girma, amma doka ta ce a rufe, ba halin ya nuna. Ngoako kuwa kullum yana wucewa da 'yar rigarsa shara-shara, ba ko tudu.

Wata Asabar shago ya cika, Yaya ya sunkuya ɗaukar cinyar saniya, riga ta yaye. Wata tsohuwa ta hango gindin bindiga ta ƙwalla ihu, mutane suka watse, wani har da barin canjinsa. Ngoako ya tsallako titi, ya ja masa rigar ƙasa a hankali, ya rarrashi tsohuwar, ya koma shagonsa. Da ya yi dariya ma da ya fi wa Yaya sauƙi.

Bayan mako ya koma wurin dattijuwar shi kaɗai, ya yi musaya, ya sake zaman jiran lasisi. Yanzu ƙarama yake ɗauka, cikin kuben fata a bayan ƙugu, da bel mai kauri. Ba mai ganinta. Bai taɓa gode wa Ngoako ba.

Kwanan nan suka fara zuwa filin harbi tare. Harsasan Ngoako a tsakiya suke taruwa, na Yaya ko'ina. Ya ce ba hannu ba ne, tabarau ne. Jiya Raesetja ta gaya mini ya je a auna masa ido.