Garma Ya Ajiye Hular Kwano

Ƙarfe biyar da rabi na safe Wendell Prewitt yake farkawa, amma sai shida saura kwata yake iya miƙewa tsaye. Zai fara mirginawa ta hagu, don kafaɗar dama ta daina yarda a dogara da ita tun shekara huɗu da suka wuce. Sai ya sauko da ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a bakin gado yana jiran gwiwoyi su farka su ma. Matarsa Loretta, ma'aikaciyar jinya a sashen yara, ta haddace duk ƙarar da jikin nan yake yi. Takan ce ko ba ta duba kalanda ba, da ƙarar take gane Litinin, washegarin wasa.

"Yau kam ƙofar garejinmu ta fi ka lafiya," takan ce tana miƙa masa kofi.

"Ita ai ana sa mata mai. Ni wa ya taɓa sa min?"

"Sha ka tafi, tsoho, kada yaran ƙungiya su riga ka."

Ba su taɓa riga shi ba. Ƙwai huɗu da faten masara da man shanu, sai ya hau tsohuwar a-kori-kurarsa. Kafin ƙarfe bakwai yana filin atisaye, ya gaisa da masu wanki da mai gadi kowa da sunansa, ya zauna gaban bidiyo yana nazarin mutanen da zai yi karo da su ranar Lahadi: wane yana sunkuyar da kafaɗa kafin ya taso, wane ƙafarsa ta hagu ce ke tona masa asiri. Shekara goma sha uku ke nan yana haka. Makon jiya ya kwashe kayansa daga ɗakin canza kaya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Aikin Wendell a ƙwallon nan tamu ta Amurka shi ne fulbak. Idan aka danƙa wa mai gudu ƙwallo ya rungume ta, akwai mutum guda a gabansa da taku biyu, hannunsa babu komai. Shi zai fara kutsawa cikin ratar da ƙartin layi suka buɗe, ya yi karo da duk wanda ya tarar a ciki, ya kawar da shi. Mai ƙwallo ya wuce, jama'a su miƙe, kyamara ta bi shi. Wanda ya yi karon kuwa yana can kwance, wani ƙato a kansa. A takardar sakamako da ake raba mana mu 'yan jarida bayan wasa akwai gurbin wanda ya yi gudu, da wanda ya jefa, da wanda ya cafe. Babu gurbin wanda ya share hanya.

Abokan wasansa ne suka laƙaba masa Garma. Duk wanda ya zauna a garin nan namu na bakin tafki ya san motar garma da ke ture ƙanƙara daga titi tun mutane ba su fito ba. Kowa ya isa wurin aiki lafiya, babu mai tambayar sunan direba.

Shekara ashirin da biyu ina bin ƙungiyar garin nan, amma abin da zan faɗa yawanci daga bakin wasu na ji shi, don shi Wendell idan ka tambaye shi labarin kansa, sai ya ba ka na wani.

Cedric Tolliver, mai gudun da yaran garin nan ke yawo da rigarsa, ya karya gwiwa a shekararsa ta biyu. An yi masa aiki, gwiwa ta warke, zuciya ba ta warke ba. Da ya dawo, idan aka ba shi ƙwallo sai ya tsaya yana ɗari-ɗari a bayan layi har a cim masa. Mutanen da suka riƙa kiran sunansa suka koma yi masa ature, ni ma na rubuta abin da yanzu nake jin kunyarsa. Wata Laraba Wendell ya ja kujera ya zauna kusa da shi. Ga yadda Cedric ya ba ni labarin:

"Ce min ya yi, 'Ɗan'uwa, idan an ba ka ƙwallo me kake kallo?' Na ce masu tsaro mana. Ya ce, 'Su goma sha ɗaya ne, idonka biyu. Bar min su. Kai dai kalli lambar da ke bayana. Inda arba'in da huɗu ta shiga, shiga. Idan wani ya taɓa gwiwar nan, ni za ka kama.' Ban yarda da gwiwata ba a lokacin, amma na yarda da shi."

A kakar wasan da ta biyo baya Cedric ya yi gudun da ba a taɓa yi ba a tarihin ƙungiyar. Aka manna hotonsa a jikin motocin bas. Wendell kuma ya ƙara yatsu biyu a kan waɗanda suka riga suka karkace.

Sai zamani ya juya. Ƙungiyoyi suka koma jifa fiye da gudu, masu horarwa suka fara tambayar me zai sa a ajiye mutum guda don tarewa kawai, alhali ga ɗan bakin layi, dogo mai hannu, wanda zai tare yanzu, an jima kuma ya fita ya cafe ƙwallo. Ɗaya bayan ɗaya abokan sana'ar Wendell suka watse. A bazarar bara ƙungiyarmu ta ɗauko nata ɗan bakin layin, Anders Lindqvist, ɗan manoma daga Minnesota, mai tsayi kamar turken lantarki. Koci Mabry, babban mai horarwa, bai yi wa Wendell rufa-rufa ba. Ya kira shi ofis ya gaya masa cewa sannu a hankali aikinsa zai koma hannun sabon nan.

Kocin ya ce min ya shirya jin faɗa, ko roƙo. Sai kawai Wendell ya ce, "Wa zai koya masa tarewa?"

"Muna da masu koyarwa, Garma."

"Na kalli bidiyonsa, Koci. Hannunsa zinariya ne, amma da kai yake shiga mutum. Kafin Disamba a kan gado za a fitar da shi daga fili. Ba ni shi."

Daga ranar, kullum idan an tashi atisaye kowa ya tafi wanka, su biyu suke ragewa a gaban ƙarfen da ake turawa don koyon tarewa. Sunkuya. Ɗaga ido. Kafaɗa, ba kai ba. Sake. Anders ya jure mako uku, sannan abin ya dame shi.

"Yallaɓai, ka san dai kujerarka aka kawo ni in hau?"

"Na sani. Kuma ka daina ce min yallaɓai, ba ni na haife ka ba."

"To me ya sa kake wahalar da kanka a kaina?"

"Cedric ne zai bi bayanka, kuma na yi alkawari a kan gwiwarsa. Na biyu, uwarka da lafiyayyen wuya ta aiko ka garin nan, da shi za ka koma mata. Sake."

Ranar bikin godiya na Nuwamba, da Anders bai samu zuwa gida ba, a teburin Loretta ya ci talotalo, har ya haɗa da ƙari biyu.

Kwana uku bayan haka abin da Wendell ya ji wa wani tsoro ya same shi. Ya yi karo da wani mai tsaro, ya tashi, hannunsa na dama ya ƙi tashi, yana reto kamar ba nasa ba. Loretta tana cikin 'yan kallo, kuma aikinta ya sa ta san ma'anar abin kafin kowa. Hannun ya dawo bayan minti guda, amma hoton da likita ya ɗauka ya nuna wuyan ya gaji. Aka zaunar da shi mako huɗu.

Mako huɗun nan Anders ya riƙe aikin. Ya tare, ya cafe, Cedric ya bi bayansa lafiya lau, aka ci wasa uku. Babu jaridar da ta ce an yi rashin Garma, har da tawa. Duk wanda ya kalli gefen fili ya ga Wendell cikin rigar sanyi yana tafa wa Anders da gaske. Sauran labarin Loretta ce kaɗai ta gani.

"Ya dawo da yamma," in ji ta, "na leƙa ta taga na gan shi zaune a mota, ya kashe inji, bai fito ba. Na fita na shiga na zauna kusa da shi. Can ya ce, 'Loretta, ba su yi kewata ba.' Na ce, 'Ba abin da ka nema ke nan ba?' Ya ce, 'Shi ne. Ban dai san haka yake da zafi ba.' Muka zauna har kofin da na kawo masa ya huce."

A cikin motar suka yanke shawara. Idan likita ya yarda, zai buga wasan ƙarshe na kaka, sannan ya ajiye hular kwano.

Likita ya yarda. Lahadin farko ta Janairu, da rana, ƙanƙara tana zuba a hankali, muna karawa da tsofaffin abokan hamayyarmu da muka yi shekara huɗu ba mu doke su ba. Saura daƙiƙa arba'in, suna gabanmu da maki huɗu, ƙwallo tana hannunmu, yadi ɗaya tak tsakaninmu da layin ci. Koci ya tsayar da agogo. Kowa ya san abin da za a yi: a ba Cedric, Garma ya shige gaba. Cedric ya ruga wurin Koci.

"Koci, ba Garma ƙwallon. Har mai sayar da gyaɗa a filin nan ya san ni za a ba."

"Wa zai tare masa?"

"Anders ya rufe gefe. Ni in shiga gaba."

"Da wannan gwiwar?"

"Shekara biyar yana ɗauke da ita. Yau ta ɗauke shi."

Da 'yan wasa suka haɗa kai aka faɗi tsarin, Wendell ya ce, "Kun yi hankali kuwa? Ku ba mai ƙafa." Aka ce masa an riga an yanke shawara, ya koma baya ya tsaya.

Aka saki ƙwallo. Anders ya danne nasa mutumin da kafaɗa, idonsa a sama. Cedric ya afka wa wani ƙato da ya kusa ninka shi, ƙaton ya yi watsi da shi, amma ya ɓata masa daƙiƙa guda. Cikin daƙiƙar nan Wendell ya wuce, ya tsallaka layi a tsaye. Maki shida, wasa ya zama namu. Cinsa na huɗu ke nan a shekara goma sha uku.

Mutum dubu sittin suka ɗauki sunan Garma. Shi kuwa ya tsaya riƙe da ƙwallo, bai san rawar murnar da ake yi in an ci ba. Ya miƙa wa alƙalin wasa, alƙalin ya mayar masa, ya ce ya riƙe abinsa. Sai ya juya ya koma inda Cedric yake kwance rigingine cikin ƙanƙara, yana dariya yana nishi.

"Garma, haka kake ji kullum?"

"Sau ashirin duk Lahadi."

"Na rantse da ni ne, da tuni na koma sayar da inshora."

Wendell ya miƙa masa hannun hagu ya ɗaga shi.

Wendell, kai ne mutumin da ya yi shekara goma sha uku yana gudu zuwa wurin da kowa ke gudu daga gare shi. Kai ne ka ari tsoron wani ka ɗauka har ya samu ƙafarsa. Kai ne aka nuna wa magajinka, maimakon ka ɓoye masa sana'a, ka zazzage masa ita kaf, kuma da abin ya yi maka ciwo ba ka bari ya gani ba. Ƙarfi da yawa ake samu a wasan nan, kowace shekara makarantu suna turo mana shi. Irin zuciyarka ce ba ta zuwa kullum.

Ku kuma masu karatu, ba sai a fili ba. A ofis ɗinku, a asibiti, a cikin gidanku, akwai wanda ke shiga gaba ya sha karo don ku wuce. Ku neme shi ku gode masa tun yana jinku. Wanda kuma ya san wata sana'a, ya koya wa na bayansa ko da shi ne zai gaje shi.

Wendell zai fara koyar da tarewa a makarantar sakandaren unguwarsu idan sabuwar kakar wasa ta zo, don ya ce ya gaji da ganin 'yan makaranta suna shiga da kai. Da na kira shi na ce zan rubuta wannan, sai da ya yi ta neman hanyar zillewa. A ƙarshe ya ce, "To idan dole ne, ka sa cewa Anders ne ya rufe gefe. Ba don shi ba, da ban shiga ba."

Ga shi na sa, Garma. Mun gode. Amma yau ɗaya dai ka yi haƙuri ka tsaya a gaba, ba don ka tare wa kowa ba. Tsaya mu gan ka.