Ruwan da Yelwa Ta Ƙi Sha

A shekarar 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum, kuma a shekarar ne Yelwa ta rasa sanin matsayinta, ko matar aure ce ita ko wadda mijinta ya rasu. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun taso daga yamma da niyyar aikin hajji, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Mijinta Abakar tela ne, mutum mai haƙuri, mai fama da ciwon sukari.

Da zama ya gagara, sai suka nemi motar da za ta ratsa da su hamada zuwa Aswan ta ɓarauniyar hanya. Direbobi suna da yawa, amma suka zaɓi wani mai suna Fadl, don kawai ya yi musu Hausa, ya kira Abakar yaya. A tsakiyar hanya Abakar ya roƙi a tsaya ya kama ruwa. Yana bayan wani dutse Fadl ya hango ƙura daga nesa, ya zaci masu sintiri ne, ya ja mota. Yelwa ta yi ta dukan rufin motar har hannunta ya fashe. Ya leƙo ya ce mata ta kwantar da hankalinta, akwai mota a bayansu da za ta ɗauko shi. Ta zauna a Aswan tana tarar kowace mota, ba ta ga mijinta ba, shi kuma direban ya ɓace.

A Alkahira ta kama ɗaki a unguwar Hay el-Sabi', a benen da nake zaune, kuma daga bakinta na ji abin da nake rubutawa. Ɗaliban ilimi da ta tambaya sun gaya mata gaskiya, cewa matar wanda ya ɓata ba ta shiga takaba sai an tabbatar da mutuwarsa, ko kuma ta jira shekaru alƙali ya yanke hukunci. Saboda haka ba a yi wa Abakar salla ba, ba a karɓi gaisuwarsa ba. Ta samu aikin jinyar wata tsohuwa a Ma'adi, Hajja Widad, Bamisriya mai kaifin harshe, wadda ta kori masu jinya da dama kafin ta. Yelwa ta zauna, domin ita ma bakinta ba a ɗinke yake ba.

Bayan shekara biyu likita ya ce tsohuwar tana bukatar iska mai tsabta. 'Yarta, Madam Eman, ta kama musu bukka a wani sansanin shaƙatawa a bakin tafki a yankin Fayyum. Wuri ne na masu kishin muhalli. Bukkokin na laka ne da kara, lantarkinsu daga rana, fadama ta kewaye su, zalɓe da agwagin ruwa suna kiwo a ƙofar ɗaki. Babbar dokar wurin ita ce ba a shiga da ruwan roba. A bakin ƙofa ake karɓe shi, a ba kowane baƙo tulu da moɗa. Hajja Widad ta ce ita dai ba ta taɓa ganin inda ake biyan kuɗi don a koma zaman kakanni ba. Direban da ke kai baƙi kallon tsuntsaye shi ne kuma yake ɗebo ruwan sha daga ƙauye, ya bi bukka-bukka yana cika tuluna.

Da safe Yelwa tana shanya mayafin tsohuwar sai ta ji wani yana zagin mota da Hausa don ta ƙi tashi. Direban sansanin ne, kuma Fadl ne. Ya tara gemu, ya yi ƙiba, amma murya ba ta tara gemu. Ta ce mini abin da ya fara zo mata a rai shi ne wuƙar kicin. Ta tsaya ta auna, ta ga in ta kashe shi ya tafi da labarin Abakar, in ta yi ihu ya gudu kamar yadda ya saba. Da ya zo cika tulunta sai ta kife shi, ta dube shi har ya gane ta. Ya wuce.

Ba ta sha ruwa ba a ranar, ba ta sha ba washegari. Shayi ma ta ƙi, tun da da ruwansa ake dafawa. Leɓɓanta suka tsage, ta fara dafa bango in za ta miƙe. Hajja Widad ta tambaye ta ko azumin kwaɗi take yi, ga tafki a gabanta tana bushewa. Yelwa ta gaya mata kome. Tsohuwar ta ture nata tulun, ta ce ita ma ba ta shan ruwan, ba ta shan magani, sai an kawo mata mai wurin da direbansa.

Aka taru a rumfar cin abinci, ga baƙi, ga ma'aikata. Fadl ya fara da cewa bai san matar ba, da Larabci. Yelwa ta amsa masa da Hausa.

"Da Hausa ka ɗauke mu, da Hausa za ka sauke ni. Ina yayan naka?"

Ya ce hanya ce, kowa ya san hanya, Allah ne ya ƙaddara. Hajja Widad ba ta jin Hausa, amma ta buga sandarta ta ce ya ɗaga murya ya faɗa da yaren da shaidu za su ji. Ya dubi maigidansa, ya ga babu ceto a can. Sai ya ce babu wata mota a bayansu, ya san da haka tun a lokacin. Da ya sake biyowa ta wurin ya iske Abakar a inuwar dutsen, rai ya yi halinsa, shi da yaron motarsa suka haƙa rami suka rufe shi da duwatsu. Ya durƙusa ya ce ta yafe masa don Allah.

"Ni ba ni ka bari ba," in ji Yelwa. "Ka san inda yake. Je ka roƙe shi."

Mai sansanin ya sallame shi kafin la'asar. Yelwa ba ta tsaya nan ba. Ta sa Madam Eman ta ɗauki hotonsa, da suka koma Alkahira ta kai wa dillalan motoci 'yan Sudan a unguwar Ataba, ta kai wa matan da ke sayar da turare, ta ba da labarin a duk gidan suna da na rasuwa da ta shiga. Fadl ya samu aikin jigilar kaya, labari ya riske shi, aka kore shi. Wasu dattawa suka zo ba ta haƙuri a madadinsa, suna cewa yana da 'ya'ya. Ta ba su shayi, ta ce Abakar ma yana da uwa.

An yi wa Abakar sallar ga'ib, ta mamacin da gawarsa ba ta kusa, a masallacin unguwarmu, Yelwa ta yi takabarta ta fita. Har yau tana jinyar Hajja Widad a Ma'adi. Fadl yana Alkahira, babu Bahaushen da ke ba shi mota, kuma ba ta yafe masa ba.